Northern Ballet na Leeds: kallon ya biya kuɗinsa, amma ku tambaya ko da makaɗa

Masu yawan tambayata inda mutum zai kai yara ko baƙi su ɗan sha kallo a Leeds banda sinima da yawon shaguna, to ga guda, Northern Ballet. Kamfanin rawar bale ne, rawar nan ta Turawa da mata ke tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa maza suna ɗaga su sama, ba magana ba waƙar baki, daga kiɗa sai motsin jiki. Na san wasunku daga jin haka har sun ce a kai kasuwa. To ku ɗan tsaya tukuna. Hukuncina tun kafin in yi nisa shine, in wasan da za su yi mai labari ne, kuma akwai makaɗa zaune a ramin nan na gaban siteji, kuɗinku ba zai tafi a banza ba. In ɗaya daga cikin biyun nan babu to sai an ɗan yi tunani.

Abin da ya bambanta su da saura shine labari. Yawancin mutane in an ce bale abin da ke faɗo musu a rai jerin 'yan mata ne da fararen kaya suna ɗaga hannu tare suna saukewa tare, kai kuma kana zaune kana hamma baka san inda aka dosa ba. Su waɗannan ba nan ƙarfinsu yake ba. Labari suke ɗaukowa tun daga tushe har ƙarshe, wa ke son wa, wa ya ci amanar wa, wa aka kashe kuma saboda me, kuma za ka bi shi tsaf ko da baka taɓa jinsa ba. Duk wanda ya taso yana kallon fim ɗin Indiya tun kafin a fara fassara, ba ya jin ko kalma ɗaya amma ya san bos ya san jarumi har ya share hawaye a daidai inda ya kamata, to wannan ba zai sha wahala a nan ba ko kaɗan.

Kuma ba rana ɗaya suka tashi da wannan salon ba, wuya ce ta koya musu. A 1969 aka kafa kamfanin, kuma ba ma a Leeds ba, a Manchesta ne. A lokacin duk wani babban abu na bale a Landan yake, Royal Ballet na can, kuɗin na can, masu rubutu a jaridu na can, mutumin arewacin Ingila sai dai ya jira ranar da aka ga dama aka kawo masa yawo na mako guda. Wani ɗan Kanada mai suna Laverne Meyer shi ya ce a gwada kafa na arewa. Shi da ma ɗan rawa ne a Western Theatre Ballet, wani ƙaramin kamfani da aka fara a Bristol wanda shi ma da labari aka san shi, kuma a wannan shekarar ta 1969 ɗin ne ya tattara ya koma Glasgow ya zama abin da yau ake kira Scottish Ballet. Meyer bai bi su ba. Arts Council, hukumar da ke rabon kuɗin gwamnati ga harkokin fasaha, ta tallafa aka yi nazari ko yankin zai iya riƙe kamfani nasa na kansa, daga nan aka fara da suna Northern Dance Theatre. Wasan farko ranar 28 ga Nuwamba 1969 a zauren wasan jami'ar Manchesta, 'yan rawa 11 kacal. Da mutum 11 ai ba ka cika siteji da jerin 'yan mata ko kana so, dole ka nemi abin da zai riƙe mai kallo da 'yan mutanen da kake da su.

A 1976 Robert de Warren ya karɓi ragama. Shi haifaffen Uruguay ne, ya yi shekaru yana aikin rawa a Iran zamanin Shah kafin ya zo. Shi ya sauya sunan zuwa Northern Ballet Theatre, ya ƙara yawan 'yan rawa, ya karkata ga manyan wasannin gargajiyar bale, ya kuma jawo Rudolf Nureyev ya riƙa zuwa yana rawa da su, wanda a lokacin kam babu sunan da ya kai nasa a duniyar rawa tun da ya gudo daga Tarayyar Sobiyet a 1961. Ya yi shekara 11 sannan ya tafi La Scala a Milan. Ya ɗaga sunan kamfanin, ba musu, amma ni a ganina in da a haka aka tsaya da sun zama ƙaramin kwafin na Landan ne kawai, kuma wanda ke da kuɗin jirgin ƙasa ai asalin zai je ya gani.

Mutumin da ya ba su fuskarsu ta yau Christopher Gable ne, kuma labarinsa shi kaɗai ya isa a yi wasa a kai. Babban ɗan rawa ne a Royal Ballet. A 1965 Kenneth MacMillan ya tsara rawar Romeo da Juliet a jikinsa shi da Lynn Seymour, wato da su aka yi ta gwaji ana gina kowane taku, su ne suka san ciki da wajen wasan, amma da daren buɗewa ya zo sai manya suka ce a'a, Margot Fonteyn da Nureyev ne za su fito don sunansu ne ke sayar da tikiti, su Gable suka koma layin baya. Shekara biyu bayan haka ya bar kamfanin ya koma wasan kwaikwayo na magana, ya yi fim, ya yi talabijin, ya yi aiki da Royal Shakespeare Company, a 1982 kuma shi da Ann Stannard suka buɗe makarantar Central School of Ballet a Landan. To a 1987 aka cika shekara 100 da haihuwar L.S. Lowry, mai zanen nan da ya shahara da zana masana'antu da ma'aikatan Salford, sai Gillian Lynne ta tsara rawa a kan rayuwarsa mai suna A Simple Man da 'yan rawan wannan kamfani, ta lallaɓo Gable ya dawo ya fito a matsayin Lowry bayan shekara wajen 20 da ajiye rawa. BBC ta nuna, har ya ci lambar BAFTA. Kujerar darakta a lokacin babu kowa a kai, 'yan rawan sun ji daɗin aiki da shi, shikenan aka ba shi.

Shi abin da ya kawo mai sauƙin faɗi ne amma da wuyar yi. Ya ce ɗan rawa ɗan wasan kwaikwayo ne, duk takun da ya yi sai ya san dalilinsa, ba wai ka juya sau biyar don ka iya juyawa ba. Ya sa ana koya musu wasan kwaikwayo har da amfani da murya. Masu ra'ayin riƙau a harkar ba duka suka so ba, wasu na ganin an rage tsantsar rawa an cika wasan kwaikwayo. Amma mutanen gari suka riƙa cika zaure. Kuma wannan cikar ce ta cece su, don a ƙarshen shekarun 1980 maganar janye musu tallafin Arts Council ta taso da ƙarfi, wanda in da an yi to rufewa ce kawai, jama'a suka yi ca, aka yi ta rubuce-rubuce da ƙorafi har aka fasa. A 1990 suka ƙetaro tsaunukan Pennine suka koma Halifax a Yorkshire, a 1996 suka iso Leeds. Gable ya rasu a 1998, ciwon daji, yana da shekara 58.

Bayansa Stefano Giannetti ya ɗan riƙe na ɗan lokaci, sai David Nixon a 2001, shi ma ɗan Kanada, daga BalletMet ta Ohio a Amurka aka ɗauko shi. Ya yi shekara 21. Shi ya dawo da ƙarfin ƙafa, wato ya matsa a kan horo har 'yan rawan suka kai matsayin da ba mai ce musu sai dai wasan kwaikwayo, amma bai zubar da labarin ba, litattafan Turawa ya yi ta ɗaukowa yana mayarwa rawa, Wuthering Heights da The Great Gatsby duk nasa ne, ya kuma ba wasu dama, Jonathan Watkins ya yi 1984 a 2015, Cathy Marston ta yi Jane Eyre a 2016. A zamaninsa ne a 2010 aka yanke kalmar ƙarshe ta sunan ya zama Northern Ballet kawai, suka kuma bar tsohon ginin makarantar da suke zaune a West Park suka tare a sabon gini nasu a Quarry Hill. Tun 2022 Federico Bonelli ne darakta, ɗan Italiya, tsohon babban ɗan rawan Royal Ballet. 'Yan rawa yanzu wajen 40 ne daga ƙasashe daban-daban.

Wasan da zan auna su da shi Romeo da Juliet ne, nasu na gida wanda Gable da Massimo Moricone suka yi a farkon shekarun 1990, ga wanda ya riƙe labarin Gable na sama zai gane abin da wannan wasan yake nufi a wurinsa. Ya daɗe ba a yi shi ba, don ambaliyar nan ta 26 ga Disamba 2015 da kogin Aire ya cika ya shiga gari ta shiga har ma'ajiyarsu ta lalata kayan siteji da tufafin wasan, sai da aka nemi gudummawa aka gyara na gyarawa aka sake na sakewa sannan ya dawo a 2024. A Leeds Grand Theatre na gan shi, tsohon zauren nan na New Briggate da aka buɗe tun 1878, mai cin mutum wajen 1,500, wanda shi kansa ginin abin kallo ne, ja da ruwan zinare ko'ina.

Wallahi faɗan farko kawai ya isa ya kore maka tunanin wai bale abin lallaɓa ne. Gida biyu ne masu gaba, kuma za ka ga gabar a kafaɗarsu da yadda suke taku tun kafin a zare takobi, dangin Juliet kansu a sama kamar garin nasu ne, su Romeo kuma samarin titi masu neman tsokana. Ana ihu, ana faɗuwa da ƙarfi kana jin ƙarar jiki a katako. Sai wurin bikin gidan su Juliet da kiɗan nan mai nauyi da kowa ya sani ko bai san sunansa ba don talabijin ta gama yawo da shi, Sergei Prokofiev ya rubuta shi a 1935, in ƙahonin nan suka ɗauka a ƙirji kake jinsa ba a kunne ba. Amma ni inda ya fi kama ni ba rawar masoyan bace, duk da ita ma ta yi kyau, yarinyar ta fito a yarinya sosai, mai kunya mai rawar kai, ba wata gogaggiyar mace da aka sa wa kayan yara ba. Inda ya kama ni shine bayan Romeo ya kashe Tybalt ɗan uwan Juliet, ganga ta yi ta bugawa ɗaya bayan ɗaya har sau 15 kafin ya cika, sannan uwar Juliet ta fito ta faɗa kan gawar. A nan babu wani tsayuwa kan yatsa ko ɗaga ƙafa, mace ce kawai da aka kashe wa nata, kuma duk zauren ba mai ko tari. Mai renon Juliet ita ce mai ban dariya, wani lokaci har tana ɗan wuce gona da iri a ganina, amma da abin ya juye aka zo tilasta wa yarinyar aure sai ka ga amfanin dariyar da aka sa ka yi da farko, don yanzu ita ma ta rasa abin yi.

Inda zan rage musu maki a wasan, tsakiyarsa akwai raye-rayen kasuwa da suka ɗan ja, labarin ya tsaya ana ta murna, yaro zai fara motsi a kujera. Sannan in kai mai neman tsantsar gwaninta ne irin ta manyan kamfanonin da ke da mutum 90 ko 100, jeri ya miƙe kamar an ja da zare, to ba wannan suke sayarwa ba kuma ba su ce shi suke sayarwa ba. Da hutu biyu wasan ya kai wajen awa biyu da rabi.

Yanzu maganar makaɗa, wadda ita ce ta sa na saka ta a kan rubutun. A da kamfanin na da ƙungiyar makaɗansa, Northern Ballet Sinfonia, ba babba bace, ta yi shekaru da dama tana bin su duk inda suka je. A 2023 kamfanin ya fito ya ce tsadar kaya ta yi yawa, ba zai iya ci gaba da ɗaukar makaɗa zuwa ko'ina ba, a wasu wuraren yawo kiɗan da aka naɗa za a riƙa sawa. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya, Musicians' Union, ta tashi tsaye, aka yi takardar koke mutane suka sa hannu, makaɗan da kansu suka riƙa tsayawa suna yi wa masu shiga kallo bayani, don su ba albashin wata suke ɗauka ba, iya aikinka iya kuɗinka ne, in an rage wasanni an rage abinci. Wani zai ce to meye, kiɗa ai kiɗa ne. Ba haka bane. Mai jagorantar makaɗan nan da kuke gani yana kaɗa 'yar sanda, idonsa na kan ƙafar 'yan rawa, in yarinya ta tsaya kan yatsa ta samu daidaito yana iya ja mata kiɗan ta ɗan daɗe, in namiji ya yi tsalle yana jiran saukarsa kafin ya rufe, yau da gobe ba sa zama ɗaya. Na'ura kuwa ba ta jiran kowa, ɗan rawa ne zai yi ta binta. Ga kuma sautin kansa, goge 10 a gabanka daban da lasifika komai tsadarta.

Na fahimci uzurin kamfanin fa, kada a ce ban yi adalci ba. Ka ɗauki 'yan rawa 40 da masu fitila da masu kaya da manyan motocin dakon siteji, ka biya otal ka biya mai, ga tallafi bai tashi yadda farashi ya tashi ba, dole wani abu ya ba da kai. Abin da ke damuna kawai shine wanda abin ya faɗa wa. An kafa kamfanin nan ne don mutumin da ke nesa da Landan ya ga cikakken abu a garinsu, to in aka wayi gari garuruwan yawon ne ke samun rabin abu ai an koma gidan jiya ta wata ƙofar. Shi yasa nake cewa kafin ku biya ku duba shafinsu na intanet ko na zauren da za a yi wasan, ana rubutawa ko da makaɗa ne ko naɗaɗɗen kiɗa, in baku gani ba ku buga waya ku tambaya. In naɗaɗɗe ne ba cewa nake kada a je ba, rawar na nan yadda take, amma ni ba zan sayi kujera mai tsada a ranar ba.

Ɗaya sharaɗin kuma na labari. Lokaci-lokaci suna haɗa gajerun raye-raye uku ko makamancin haka a dare ɗaya, yawanci sababbin ayyuka, wasu babu labari sam sai motsi da fitila. A nan ne matasan masu tsara rawa ke gwada hannunsu kuma yana da kyau a ce ana yi, amma ba da shi za ka fara kai wanda bai taɓa gani ba, zai fito yana tambayarka laifin me ya yi maka.

Sai abin da na san 'yan uwa mata za su tambaya a ɓoye, shigar. Gaskiya ɗaya ce, kayan matsattsu ne, musamman na maza, wandon kamar fenti aka shafa, kuma namiji na riƙe mace yana ɗagawa yana rungumewa, a Romeo da Juliet har da sumba da fitowar ɗakin kwana. Ba batsa ake yi ba amma ba kuma abin da za ki zauna kusa da surukarki ki kalla bane. Yayata da muka je tare fitowar farko ta dafa ni ta ce, ke yanzu wannan bawan Allah haka iyayensa ke zuwa su gan shi? Na ce Yaya ki dai bi labarin. Zuwa hutun farko ita ce ke min bayanin wanda zai mutu. Abban yara kuwa ya ce shi a bar shi da filin ƙwallo na Elland Road, ko Leeds United ta sha kashi ya fi masa. Kowa ya san inda iyakarsa take, ni dai na faɗa muku yadda abin yake. Suna rubuta shekarun da suka dace da kowane wasa a shafinsu, ku duba, don akwai irin su Casanova da ba na yara bane ko kusa. A lokacin hutu ana sayar da giya a harabar zauren kamar kowane gidan wasa a ƙasar nan, akwai kuma askirim a 'yan ƙananan kofuna wanda shi yara suka fi tunawa. Wasan dare kan fara wajen 7 ko 7:30, lokacin bazara magariba na faɗawa a tsakiya, na rana ya fi sauƙin tsarawa da salla.

In da ƙananan yara ne ma ku bar babban zauren tukuna. Suna da wasannin yara na musamman tun 2012, gajeru ne, wajen minti 40, tatsuniyoyin Turawa da dabbobi da kaya masu launi, waɗanda yaranku ƙila sun riga sun gani a CBeebies, tashar yara ta BBC. Ana yin su a ɗan zauren cikin gininsu, Stanley & Audrey Burton Theatre, kujera 230 ne kawai don haka duk inda ka zauna kana kusa, ana kuma kai su ƙananan garuruwa. Ba mai hararar ka don yaro ya yi magana ko ya nuna da yatsa ya ce ga kerkeci can, kuma 'yan rawan kamfanin ne na gaske ke yi ba wasu aka ɗebo ba. Tikitin ma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan ɓangaren nasu ban da abin cewa a kai sai yabo.

Ginin na Quarry Hill kusa yake da tashar bas da Leeds Playhouse, hawa shida, ɗakunan gwaji bakwai, kuma ba su kaɗai bane a ciki, suna tare da Phoenix Dance Theatre, kamfanin rawar zamani da wasu samari uku baƙar fata 'yan Harehills suka kafa a 1981, wannan ma abin a sani ne ga mu da ke zaune a unguwar ko muke zuwa cefane can. A nan makarantarsu take, akwai ajin yara, akwai na manya masu son motsa jiki ko da basu taɓa yi ba, akwai na masu buƙata ta musamman. Uwar da 'yarta ta dame ta da son takalmin nan na tsayuwa kan yatsa ta kwantar da hankalinta, ba a ba ƙaramar yarinya shi, sai ta kai wajen shekara 11 ko 12 bayan ta yi shekaru tana horo ƙashi da jijiya sun yi ƙwari, kuma ba katako bane a bakinsa kamar yadda ake cewa, yadi ne da takarda da gam aka danne, shi yasa ƙwararru ke kashe shi cikin 'yan kwanaki. Da can ruwan hoda kawai ake yinsa don ya dace da fatar Bature, baƙaƙen 'yan rawa sai dai su shafa masa hoda da kansu, a ƙasar nan sai a 2018 kamfanin Freed of London tare da Ballet Black suka fito da masu launin fatarmu.

Wani abin da suka kyauta, akwai ranakun da ake yi wa makafi bayanin abin da ke faruwa ta na'urar kunne, har a kan bar su su taɓa tufafi da kayan siteji kafin a fara.

Kujera kuma, a Grand Theatre farashi na bin wuri ne, can ƙololuwa ya fi araha amma akwai tsayi da matakala, ga mai ciwon gwiwa ko tsoron tudu a yi hattara, kuma fuska ba ta fitowa sosai daga can, alhali wasan waɗannan rabinsa a fuska yake. Layin gaba-gaba a ƙasa shi ma ba shi ne mafi kyau ba duk da kusancin, don kana iya rasa ganin ƙafa. Bene na farko ta tsakiya shi ne daidai in aljihu ya yarda, kana ganin fuska kana ganin yadda aka jera mutane a siteji har da makaɗan a raminsu. In shafin tikiti ya rubuta cewa kujera ba ta ganin siteji duka to ku yarda da shi. Ba a ɗaukar hoto ko bidiyo in an fara, waya a kashe ta gaba ɗaya don haskenta ma na damun na baya, kuma dan Allah a bar lokacinmu a gida, in an rufe ƙofa sai an samu gaɓar da ta dace kafin a shigar da wanda ya makara, wani lokaci sai ka rasa kashi na farko sukutum. Waɗanda ba a Leeds suke ba, suna yawo da wasanninsu Sheffield da Nottingham da Norwich da Edinburgh da sauransu, a Landan kuma Sadler's Wells suke sauka, na lokacin Kirsimeti shi ke saurin ƙarewa don haka tun kaka ake saye.